Makanikin Kuloci da Motar da Aka Ƙara wa Ƙarfi

Sauke giyabos aikin ƙarfi ne, yara biyu da jak da haƙuri sun isa. Mayar da shi ma haka. Abin da ba a bar wa yara a gareji shi ne yanke shawarar irin kulocin da za a ɗaura, musamman idan motar mai turbo ce, an taɓa mata ƙwaƙwalwa an ƙara mata ƙarfi, kuma mai ita ba shi da wata sai ita: da ita zai kai yara makaranta, da ita zai je ofis, da ita zai kutsa cunkoson yamma. A nan maigida ke ajiye sifana ya jawo benci, domin rabin aikin da baki ake yin sa tun ba a kwance noti ko ɗaya ba.

Motar da ta fi fito da wannan matsala fili ita ce Golf GTI ta kamfanin Volkswagen. Sunan Golf ba baƙo ba ne a kunnenmu, tashoshin Arewa cike suke da Golf 3 masu jigilar fasinja, amma GTI jininta daban. Ta biyar a jerin, wadda ta fito a 2004, injinta mai lita 2 ne da turbo, ƙarfin doki 200, ƙarfin murɗawa kuma 280 a ma'aunin Nm. Ta bakwai, ta 2013, ta zo da doki 220 da Nm 350, kuma injin yana kaiwa ga wannan ƙarfi tun yana juyi 1,500 a minti. Kamfanoni irin su APR a Amurka da Revo a Ingila suna sayar da manhajar da ake ɗora wa ƙwaƙwalwar motar, ba a canja ko ƙusa ba, sai ga ƙarfin murɗawa ya haura Nm 400. Inji yana ɗauka lafiya lau. Kulocin da ya zo da motar ne ke gazawa, domin waɗanda suka ƙera shi sun auna shi da ƙarfin da suka sani, suka bar 'yar rara, suka kuma sassauta shi yadda ƙafar kowa za ta iya takawa.

Yadda ciwon ke bayyana yakan ruɗi masu mota. A giya ta ɗaya da ta biyu ba a jin komai, mota tana fizga kamar kullum. Sai an hau babban titi, ana giya ta biyar ko ta shida, aka nutsa totur za a wuce tirela, sai allurar inji ta yi sama, ƙara ta ƙaru, gudu kuwa yana nan inda yake. Jim kaɗan warin ƙauri ya shigo. A ƙananan giyoyi taya ce ke fara sulɓewa kafin kuloci, a manya kuwa taya ta kama ƙasa gam, dukkan ƙarfin da turbo ya turo a kan farantin kuloci yake sauka, ya kuma daɗe a kansa. Shi ya sa makanikin da ya san aikinsa ba ya gwada irin wannan mota a bakin gareji. Yakan fita da ita inda hanya ta miƙe, ya sa babbar giya tun allura tana ƙasa, ya take, idonsa a kan allura.

Ko ya tabbatar kuloci na zamewa, ba ya gaggawar aikawa a sayo sabo. Yakan leƙa ƙarƙashi ya shafa inda inji ya haɗu da giyabos. Idan yatsansa ya fito da baƙin mai, to robar da ke tare mai a bayan karanshaf ta yi yoyo ta jiƙe farantin, kuma ko kulocin motar tsere aka ɗaura a haka, zamewa zai yi.

Daga nan sai tambayoyi, kuma a nan ake samun saɓani da masu mota. Yawancinsu sukan zo da shawararsu a aljihu.

"Oga, mataki na uku nake so. Mafi ƙarfi a ciki."

"To, ranka ya daɗe. Nm nawa wanda ya taɓa ƙwaƙwalwar ya ce ta kai? A taya ya auna ko a inji? Kana da niyyar canja turbo nan gaba? Daga gida zuwa ofis minti nawa kake yi a cunkoso? Hajiya tana tuƙa ta?"

Babu tambayar banza a cikinsu. Kuloci bai san ƙarfin doki ba, ƙarfin murɗawa kawai yake ji, saboda haka mai alfahari da doki ɗari uku bai faɗi abin da ake nema ba tukuna. Na'urar da ake ɗora mota a kai a auna ta, a taya take aunawa, bayan giyoyi sun cinye wani kaso, alhali kuloci a bakin inji yake zaune, inda ƙarfin yake cikakke. Ga kuma rikicin ma'auni: kamfanonin Amurka da lb-ft suke rubutawa, wanda ɗayansa ya kai Nm 1.36, don haka kwalin da aka rubuta wa 400 yana nufin Nm 540 da 'yan kai. Al'adar masu sana'ar ita ce a ɗauki ainihin ƙarfin injin, a ƙara kamar kashi ɗaya cikin biyar a matsayin rara, a tsaya nan. Ita kuwa lambar mataki da ake bugawa a kwali, babu wata hukuma da ta tsara ta. Mataki na biyu na South Bend ba shi ne na biyu na Exedy ba, ba kuma shi ne na ACT ba. Kowane kamfani da irin tsaninsa.

Abu huɗu ne ke sa kuloci ya riƙe: ƙarfin da murfi ke matse faranti da shi, kaushin fatar da ke jikin farantin, faɗin farantin, da yawan fuskokin da ke gugar juna. Faɗi ba a taɓa shi, don gidan giyabos ya riga ya ƙayyade. Saura uku, kuma kowanne da kuɗin da direba zai biya, da jikinsa ko da aljihunsa.

Ƙara matsi shi ne mafi sauƙin fahimta: a sa murfi mai sifirin mai tauri. Sai dai duk abin da aka ƙara a can, ƙafar hagu ce za ta ɗauka. Feda mai nauyi ba ta da laifi a minti biyar na gwaji, har daɗi take yi wa mai mota, yana jin ya sayi abu. Ranar da ya maƙale a cunkoso ana rarrafe, taka-saki taka-saki na tsawon awa, ranar zai san abin da ya saya. Akwai kuma ɓarnar da ba a gani. Duk lokacin da aka taka kuloci, karanshaf ake turawa gaba, wasu 'yan siraran zobba ne a cikin inji ke tare shi. Motocin zamani ba sa tashi sai an taka kuloci, wato ana danne zobban nan a daidai lokacin da baƙin mai bai fara zagayawa ba. Murfi mai tsananin tauri yana gaggauta cinye su, in suka cinye kuwa karanshaf ya fara kai-kawo, magana ta tashi daga kuloci ta koma sabon inji. Masu Mitsubishi Eclipse mai injin 4G63 na tsakiyar shekarun 1990 sun sha wannan ciwo har ya yi suna a tsakaninsu.

Maganar fata ta fi tsawo, kuma a nan gwanintar take. Fatar da ke zuwa da mota haɗin zare ne da ƙaro da siririyar wayar tagulla. Tana kamawa a hankali, tana yafe wa direba kuskure, in ta ɗan yi zafi ta huce takan dawo hayyacinta. Akwai irinta da aka ƙarfafa, mai yawan ƙarfe a ciki, wadda ta fi jure zafi. Akwai ta Kevlar, zaren da kamfanin DuPont ya ƙirƙiro a 1965, wadda ke daɗewa ƙwarai kuma ba ta cin ƙarfen da take guga. Aibinta biyu: tana ɗaukar dogon lokaci kafin ta zauna, kuma in aka ƙona ta sau ɗaya fuskarta ta yi ƙyalli, ba ta komawa daidai. Sai kuma mai ƙwayoyi, wadda ita ce ke ɗaukar hankalin samari. Maimakon fata zagaye, farantin yana da fukafukai huɗu ko shida, kowanne da ƙwayar garin ƙarfe da yumbu da aka gasa. Riƙonta babu wasa, zafi bai dame ta ba. Amma ba ta san rabin kuloci ba, ko ta kama ko ta saki.

Dalili a fili yake ga wanda ya taɓa riƙe faranti biyun a hannu. Ɗauki na gida, wato wanda ya zo da mota, ka dube shi ta gefe, za ka ga tsakanin fatun biyu akwai siririn ƙarfe mai lanƙwasa kamar igiyar ruwa. Matsa shi da yatsu, zai ɗan lotsa. Wannan 'yar lotsawa ita ce duk tazarar da ƙafarka ke wasa a cikinta lokacin da kake tashi a hankali ko kake ja da baya ka shiga gida. Mai ƙwayoyi yawanci ba shi da ita. Shi ya sa motar da aka ɗaura mata shi take karkarwa in za ta tashi, take mutuwa a gaban danja, mai ita yana ba ta wuta fiye da kima don kada ya ji kunya. Ƙwayoyin kuma suna cin filawil, wato faifan ƙarfen nan mai nauyi da ke bayan inji, yadda ranar canji sai an canja duka.

A ganina, ɗaura wa motar zuwa ofis faranti mai ƙwaya shida zalunci ne ga mai ita, ko da shi ya roƙa. Makanikin kirki yakan faɗa masa haka, ko da cinikin zai tafi wani gareji. Ga GTI da aka tsaya a manhaja kawai, ko aka ƙara da faɗaɗa salansa, amsar kusan kullum ɗaya ce: murfi mai matsakaicin ƙarin matsi da faranti mai cikakkiyar fata da aka ƙarfafa. Sachs, wanda ke Schweinfurt a Jamus kuma yake ƙarƙashin ZF tun 2001, yana da irin wannan, South Bend ma yana da jerin da ya ware wa masu hawan yau da kullum. Wani lokaci ma maganin bai kai nan ba. APR na da manhaja mai sassaucin ƙarfin murɗawa da aka yi domin motoci masu giyar hannu, kuma mutumin da kulocinsa bai riga ya ƙone ba yana iya komawa kanta ya huta da sauke giyabos. Makanikin da zai ba da wannan shawara ya san yana korar kuɗin aikinsa da bakinsa.

Hanya ta uku, wato ƙara fuskoki, ita ce faranti biyu a gida ɗaya. Fuskokin guga sun tashi daga biyu zuwa huɗu, riƙo ya ƙaru sosai ba tare da feda ta yi nauyi ba. Ga wanda ya ɗaura babban turbo kuma bai fasa hawan motar kullum ba, babu abin da ya fi shi. Tsada ce matsalarsa, da 'yar ƙarar kacau-kacau da ƙarfen tsakiya ke yi in an taka feda.

Sai filawil, inda mutane da yawa ke yanke hukuncin da suke nadama. Injin mai silinda huɗu ba ya juyi sumul, bugu-bugu yake yi, turbo kuma yana ƙara wa bugun nauyi. A 1985 kamfanin LuK na Jamus ya fito da filawil mai ɓari biyu, da dogayen sifirin a tsakani suna shanye bugun kafin ya isa giyabos. Shi ne a cikin GTI. Yana da tsada, yana gajiya, kuma masu ƙera shi ba su yarda a kai shi injin sassaƙa a share masa fuska ba, canja shi ake yi. Don haka da yawa sukan koma ga mai ɓari ɗaya, dunƙulallen ƙarfe wanda babu abin lalacewa a cikinsa. Inji yakan ƙara kuzari, gaskiya ne. Amma bugun da sifirin ke shanyewa yanzu haƙoran giya ne ke karɓa, sai mota ta riƙa ƙara a tsaye kamar an zuba tsakuwa a gwangwani, musamman in na'urar sanyi tana aiki. Wanda ba a gargaɗe shi ba, washegari zai dawo yana cewa an lalata masa giyabos. Idan mai mota ya nace, makanike yakan kai shi ga na ƙarfe mai matsakaicin nauyi, ya hana shi na alminiyam marar nauyi wanda ke sa mota saurin mutuwa wajen tashi. Kuma akwai ƙa'idar da ba a karyawa: in aka cire mai ɓari biyu, dole farantin da za a sa ya zama mai sifirin a cibiyarsa, don wani abu ya rage da zai shanye bugu.

Wani abin da tsofaffin kanikawa ke yawan tunatarwa shi ne, a duk layin da ya tashi daga inji zuwa taya, kuloci ne ya kamata ya fara sallamawa, don shi ne mai araha. In aka sa wanda ba ya sallamawa, ƙarfin zai nemi na gaba da shi. Masu Subaru WRX ta farkon shekarun 2000 mai giya biyar sun san wannan: tayoyi huɗu duk suna ja, babu mai sulɓewa, aka haɗa da kuloci mai cafka da direba mai sakin feda farat ɗaya, sai haƙoran giya su zube.

Ranar ɗauri, aikin GTI yakan ci yini. Ana cire shaf na tayoyin gaba, a tallafe inji, a zare giyabos. Abin kallo yana farawa ne bayan an buɗe kwali. Sabon filawil da murfi da man hana tsatsa suke zuwa, sai an wanke su tas, kuma daga nan maigida ba ya barin yaro mai maiƙo a hannu ya taɓa fata. Notocin filawil sababbi ake sawa, domin irin waɗanda ke miƙewa ne in an ɗaure, ba a maimaita su, kuma da sifana mai awo ake ɗaure su, a ƙara da kwanar da littafin motar ya faɗa. Faranti yana da gaba da baya, akan buga a jikinsa gefen da ke kallon giyabos, sau da yawa da Jamusanci. Kafin a ɗaure murfi sai an saita farantin a tsakiya cif. Sabon kaya yakan zo da 'yar sandar roba ta yin haka, amma tsohon hannu yakan fi yarda da guntun sandar giyabos da ya yanke ya ajiye shekara da shekaru. Notocin murfi a gicciye ake bin su, kaɗan-kaɗan, zagaye bayan zagaye, don kada sifirin ya karkace. Giris a kan haƙoran sanda ɗan shafe ne kawai, in ya yi yawa juyi zai watsa shi kan fata.

Wurin da yara suka fi ɓata aiki shi ne mayar da giyabos. Yana da nauyi, hannu ya gaji, sanda ta shiga rabi ta ƙi ƙarasawa. Sai a bar nauyinsa ya rataya a kan faranti, ko a sa dogayen notoci a jawo shi da ƙarfi. Ko wanne aka yi, cibiyar sabon faranti ta lanƙwashe, mota za ta fita tana ƙin shiga giya, kuma babu mai gane dalili sai an sake saukewa. A wannan giyabos famfon kuloci na ƙasa da boris ɗinsa a haɗe suke a ciki, ba a isa gare su sai an sauke komai, saboda haka ana canja su a lokaci guda ko da tsohon bai nuna gajiya ba. Robar bayan karanshaf ma haka. Mai mota yakan yi ƙorafin an cika masa lissafi, har sai an tambaye shi ko yana son biyan kuɗin sauke giyabos sau biyu.

Bayan an gama, saura aikin mai mota, kuma shi ne wanda aka fi saɓawa. Sabuwar fata ba ta kwanta a kan ƙarfe gaba ɗaya ba, sai ta goge ta zauna. Yawancin kamfanoni suna neman a yi kimanin kilomita 800 ana tuƙin cikin gari, ana yawan canja giya, ba a nutsa totur. Tafiya Kano zuwa Abuja da dawowa a giya ta shida ba ta shiga lissafi, tunda ƙafa ba ta taɓa feda ba. Wanda ya fita daga gareji ya nufi filin wasan mota a daren, ya ƙona fatar tun ba ta zauna ba, kuma gobe makanike zai zarga.

A wajenmu sana'ar tana da nata ƙarin wahalhalu. Manyan kanikawan giya na yau da yawansu a kan Peugeot 504 suka koyi aiki, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, zamanin da in fata ta cinye ake kai faranti a buga masa sabuwa da ƙusoshi a mayar. Hannunsu ya san kuloci sarai, amma ba su saba tambayar Nm ba, domin 504 ba ta taɓa neman haka ba. Kayan ma ba a tsintar su yadda ake so. Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, Apo a Abuja, Ladipo a Legas, duk za ka sami kulocin gida, sabo ko na hannu, amma na motar da aka ƙara wa ƙarfi galibi sai an yi oda daga waje, a biya da dala, mota ta yi makonni a kan jak. Ga jabun kaya a cikin kwali mai sunan babban kamfani, wanda sai an juya farantin an duba ƙusoshi da sifirin ake ganewa. Na hannu kuwa, wanda ke rufa wa mai Golf 3 asiri, a nan asarar kuɗi ce, tunda sabonsa ma ya gaza. Sannan ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, ga ɗabi'ar direbobinmu ta ɗora ƙafa a kan feda ana tafiya da riƙe mota da rabin kuloci a kan gada maimakon jan birkin hannu. Makanikin da ya lura da haka a ƙafar mai mota ba zai ba shi Kevlar ba.

Can inda ake ƙera motocin, aikin ya fara canja kama. A 2024 Volkswagen ya daina yin GTI mai giyar hannu, saura mai DSG kaɗai, giya mai canja kanta da ya fara sawa a Golf R32 a 2003. Ita ma kuloci ne a cikinta, har guda biyu, jerin siraran faranti da ke jiƙe cikin mai, kwamfuta ce ke matse su da ƙarfin man. In aka ƙara wa inji ƙarfi suka fara zamewa, matakin farko shi ne a ɗora wa ƙwaƙwalwar giyar tata manhajar ta ƙara matsi, ba a sauke komai ba. Mai giya shida a cikinsu tana son a canja mata mai da matata duk kilomita 60,000. Motocin Turai da Amurka sukan yi shekaru kafin su iso mu a matsayin na hannu, don haka masu feda uku za su ci gaba da shigowa gareji na wani lokaci, amma yaron da ya fara koyon aiki bana, kafin a yaye shi sai ya iya karanta matsin man DSG a kwamfuta.